Mai Riƙon Kashim

Hamisu Baduku mutumin Kano ne, haifaffen unguwar Dukawa, amma in za a raba shekarunsa na duniya, Yerwa, wato Maiduguri, ta fi Kano samun kaso. Ya zo yana saurayi, ana farkon yaƙin duniya na biyu, a bayan wata motar fatake daga Nguru, da niyyar ya yi rani ɗaya ya koma gida. Ranin nan ɗaya shi ne ya zama kusan shekara talatin. Ya kafa rumfa a kasuwar Gamboru yana ɗinka kube da gidan laya da jakunkuna da gafakar Alƙur'ani. Barebari suna ce masa Afuno, wato Bahaushe, shi kuwa Barbarcinsa har ya mutu bai wuce gaisuwa da faɗin farashi ba. Ba mai surutu ba ne. In ka taya kayansa sau ɗaya zai faɗa maka kuɗin, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da soka basilla, in ka ga dama ka saya, in ka ga dama ka ƙara gaba.

Masaukinsa gidan Alhaji Umara ne, wani Babarbare dillalin fatu, fatoma mai saukar da baƙin 'yan kasuwa. Alhaji ya ba shi ɗaki biyu a bayan gida, ta hannunsa kuma yake samun jemammiyar fata. A nan ya auri Saude, a nan ta haifa masa tagwaye mata, ƙyanda ta ɗauke su duka biyu a mako guda. Bayansu aka sami namiji. Ranar suna Hamisu ya yanka rago, liman ya raɗa wa yaro Ya'akubu, sunan mahaifin Hamisu ke nan, wanda ya rasu a Kano ɗansa bai sami ko jana'izarsa ba. To, ka san halinmu. Wa zai buɗe baki ya kira sunan ubansa gatsau a tsakar gida, har ya aike shi sayo gishiri? Tun da yaro ya biyo bayan tagwaye, sai aka ce Gambo, kowa ya huta. Sunan yankan ya zauna a ajiye, babu mai taɓa shi.

A wancan zamani ba mutane ke neman makarantar boko ba, ita ce ke neman mutane. En'e, hukumar gargajiya, za ta aiko wa Bulama, wato mai unguwa, cewa ana son yara kaza, shi kuma ya bi manyan gidaje yana rabawa. Ranar da labari ya fito sai ka ga unguwa ta yi tsit. Wani ya ɓoye ɗansa a rumbu, wani ya tura nasa ƙauyen Khaddamari wajen kakarsa, wai ya tafi taya girbi, alhali ko shuka ba a yi ba. A shekarar 1952 rabo ya faɗo gidan Alhaji Umara, aka ce ya kawo ɗansa Kashim.

Alhaji ya aika a kira Hamisu zaure bayan la'asar.

"Wushe, Malam Hamisu, wushe. Zauna, ga goro," in ji Alhaji. "Yaron nan naka da nawa ai duk ɗaya ne. Kashim na fara ɗora shi a kan harkar fata, ga kuma tsohuwata ta rantse ba zai shiga makarantar Nasara ba tana numfashi. Ka ara mini Gambo. Suna kawai za a rubuta. Shekara ɗaya, shekara biyu, su gaji su sako maka abinka."

Hamisu ya dubi tabarma. Rufin da ke kansa na Alhaji ne, fatar da yake ɗinkawa ta hannun Alhaji take fitowa, kuma abin da aka roƙa ba sabon abu ba ne, rabin manyan gidajen gari haka suka yi. Ya ce, "To, Alhaji." Saude ta yi kwana biyu tana kuka, a rana ta uku ta wanke wa yaron riga.

Ranar farko malami ya buɗe rajista ya kira Kashim Umara har sau uku. Gambo yana zaune yana waige-waige, yana neman inda Kashim ya ɓuya. Bulala biyu ta koya masa sunansa, bai sake mantawa ba. Maganar su gaji su sako shi kuwa, ina! Ashe yaro yana da kai. Ya gama elementare, aka wuce da shi babbar firamare, ya gama aji bakwai aka ba shi satifiket mai hatimi. Da ya kawo gida, Hamisu ya ce ya karanta masa, don shi ajami ya iya, boko ko baƙi ɗaya. Gambo ya karanta tun daga sama har ƙasa, da sunan da komai. Uban ya gyaɗa kai. Kwana uku ya yi yana ɗinka wa takardar 'yar ƙaramar gafaka ta jar fata, rinin karan dafi, aikin da bai taɓa yi wa mai saye irinsa ba. Ya rataye ta a ƙusa saman gadonsa, bai sake cewa a karanta masa ba.

Daga nan gwamnati ta ɗauki yaron zuwa makarantar koyon sana'a, aka sa shi ajin kafinta. Ci kyauta, kwana kyauta, har da kaki da sabulu. Maƙwabtan rumfa suka ce Hamisu ya tsinci dami a kala, shi kuwa ya ce alhamdu lillahi ya ci gaba da ɗinkinsa.

Shekara uku da rabi ana haka. Ran nan, cikin 1963, Gambo ya zo hutu, ya zama saurayi har gashin baki ya fara tsirowa, ya zauna a bakin rumfa yana taya uban shafa wa fata mai. Can ya ce, "Baba, ina so in bar makarantar nan."

Hamisu bai ɗaga kai ba. "Korarka suka yi?"

"A'a. Wata nake so in koma."

Ya yi bayani. Hanyar jirgin ƙasa ta wuce Gombe, ana cewa baɗi ko baɗin baɗaɗa za ta iso Maiduguri, kuma duk inda jirgi ya tsaya sai an nemi akawuna. Akwai wata mata, Malama Rhoda, mutuniyar Biu, ta yi aikin buga tafireta a Kaduna, da mijinta ya rasu ta dawo ta buɗe makarantarta ta kanta a bayan tashar mota. Kwaleji take ce mata, har da allo a ƙofa, ko da yake ɗaki uku ne da tafireta shida. Amma jarrabawar da ake yi a can daga Ingila take zuwa, wanda ya ci ba ya kwana babu aiki. Sai dai biya ake yi.

"Wato ka bar inda ake ba ka abinci, ka koma inda za a karɓa a hannuna," in ji Hamisu. "Kafinta ba sana'a ba ce? Kai, Gambo, ka kiyaye ni."

Yaro ya ci gaba da murza fata. Sai da aka jima ya ce, "Baba, waccan ta gwamnati ce, da sunan da suka ɗauke ni da shi suke riƙe da ni. Wannan kuwa wanda ya kawo ɗa ya biya, sunansa ake rubutawa."

Basilla ta tsaya a hannun Hamisu. Shekara goma sha ɗaya bai taɓa ta da maganar nan ba, ko da Saude, har yana zaton ta daina damunsa. Ashe tana nan. Ya ji yana so, so mai tsanani irin wanda bai san yana da shi ba, a ce akwai takarda guda a duniya da aka rubuta Ya'akubu Hamisu, sunan ubansa da nasa a jere. Bai faɗi haka ba, ba halinsa ba ne. Cewa ya yi, "Je ka karɓo takardar canjin. Zan ƙara ɗinki."

Shugaban makarantar sana'a ya yi ta ba yaron baki ya zauna, da ya ga ya kafe sai ya rubuta masa takardar shaida mai kyau, ya ce Allah ya ba da sa'a. Hamisu ya sa farar rigarsa ta Juma'a a ranar Talata, ya sauko da gafaka daga ƙusa, suka tafi kwaleji. Tun daga ƙofa kake jin ƙarar tafireta kacau-kacau. Malama Rhoda doguwar mace ce mai tabarau, Hausarta tsaf, ba ta da kwana-kwana. Ta karanta takardun biyu, ta saurari bayanin Gambo har ƙarshe, ba ta yi mamaki ba, don ba shi ne na farko ba.

"Baba, bari in gaya maka gaskiya," in ji ta. "Rajistata tawa ce, in ka ce in rubuta Ya'akubu Hamisu yanzu zan rubuta. Amma masu jarrabawa ba su san ni ba, ba su san ka ba, takarda suka sani. Ba sa karɓar wanda ba shi da satifiket na aji bakwai, kuma sunan da ke kai shi za su bi. A wurinsu Ya'akubu Hamisu bai taɓa shiga aji ɗaya ba. Zai iya zama a nan shekara biyu ya iya tafireta fiye da ni, ya fita hannu biyu."

"Babu wata hanya, Malama?"

"Akwai guda. Ku je gaban alƙali da mai sunan, shi Alhaji Umara, ya rantse cewa Kashim ɗin takardar nan da ɗanka mutum ɗaya ne. A ba ku shaida a rubuce, ni kuma in haɗa in aika. Ina buɗe sabon aji ranar Litinin ta sama, kujera ɗaya ta rage."

Washegari Hamisu ya shiga zauren Alhaji Umara, zauren nan dai, sai dai an canja tabarma da darduma. Alhaji ya tsufa, gemu ya yi fari, amma fara'arsa tana nan. Ya saurara yana jan carbi.

"Subhanallahi! Malam Hamisu, ni in tsaya gaban alƙali in ce na yaudari En'e?" in ji shi. "Bulaman da ya karɓi yaron yana nan da ransa da rawaninsa, so kake a tuɓe shi saboda ni? A'a, wannan ba za ta yiwu ba." Ya ja carbi ya ja, sai fuskarsa ta washe. "Amma ai abin mai sauƙi ne. Yaro yana son sunansa, gaskiyarsa, ya ɗauki abinsa. Sai a mayar wa Kashim nasa, tare da takardar da ke kai. Ka ga En'e na neman malamin kasuwa, an ce sai mai aji bakwai. Kashim ya iya lissafi fiye da duk 'yan bokon nan, takarda kawai ya rasa. Kowa ya karɓi nasa, an rabu lafiya."

Ikon Allah ke nan. Bokon da aka ɓoye yaro saboda shi, yau shi ake nema da fitila. Kuma kada ka ɗauka Alhaji mugunta yake nufi, shi a ransa adalci ya yi, abin da ya ara ya mayar, abin da ya bayar aro yake nema. Hamisu ya ce zai yi shawara, ya fito. Gaba kura, baya sayaki: ko sunan ba karatu, ko karatun ba suna.

Da ya faɗa a gida, Gambo ya tashi tsaye, ido ya yi ja. "A ba su takardarsu! In sun so su jiƙa su sha. Ni zan zauna a rumfa tare da kai, in zama baduku kamar kakana, da sunana."

"Zauna," in ji Hamisu. "Bulalar da aka yi maka saboda takardar nan, Kashim aka yi wa?"

Saude tana tankaɗe a gefe, ba ta tsaya ba ta ce, "Malam, ni dai na san wanda na haifa. Ko Bature ya rubuta masa sunan Fir'auna, na san wanda na haifa."

Ita abin ya yi mata sauƙi, ba sunan ubanta ba ne. Hamisu ya yi kwana uku yana zuwa rumfa yana dawowa, ya lalata kube biyu, abin da bai taɓa yi ba tun yana koyo. Yana duban dukawan da ke layinsu. Takalman roba sun shigo kasuwa, jakunkunan kanti sun shigo, masu sayen gidan laya tsufa suke yi. Ya san abin da rumfar za ta zama nan da shekara goma, ya kuma san abin da hannun yaron ya iya. A rana ta huɗu ya koma zauren.

"Alhaji, na yi shawara," in ji shi, yana durƙushe yadda ya saba. "Ɗan nan naka da ka ba makaranta, Kashim, bai gama karatu ba tukuna. Takardarsa tana da sauran aiki. In ya gama, zai zo ya gaishe ka."

Alhaji Umara ya dube shi. In ya kai ƙara cewa takardar ba ta mai riƙe da ita ba ce, sai an tambaye shi yadda aka yi. Can ya yi 'yar dariya, ya tura masa goro. "Afuno, ashe kana magana," in ji shi. Bai kore shi daga gida ba, amma daga ranar ba a sake kiransa zaure ba.

Litinin da safe suka koma kwaleji, da farar riga da gafaka. Gambo ya tsaya a bayan uban, fuska a murtuke. Malama Rhoda ta zaro takardar shiga ta sa a tafireta, ta dubi Hamisu ta saman tabarau.

"Baba, an samo shaidar alƙali?"

"Ba a samo ba."

"To, wane suna zan buga?"

"Kashim Umara." Ya fito masa a baki sumul, ba nauyi, don sunan ba komai ba ne a wurinsa.

Ta buga. "Sunan mahaifi, Alhaji Umara, sai ya dace da satifiket. Sai kuma wanda ya kawo ɗalibi zai sa hannu. Layi biyu ne, na uba da na mai riƙo. Ka yi haƙuri, Baba, dole in tambaya. Kai mene ne nasa?"

Gambo ya buɗe baki, uban ya ɗaga masa hannu.

"Mai riƙonsa ne," in ji Hamisu.

Ta buga, ta zare takardar, ta turo masa tawada ya dangwala. Babban yatsansa ya sha basilla shekara da shekaru, kuloko ya rina shi baƙi, duk ya tsage, ya danna bai fito ba. Ya sake, bai fito ba. Sai a karo na uku da Malama ta kama hannun ta danna masa da ƙarfi shaidar ta zauna. Ta ce ɗalibi ya fara gobe da ƙarfe takwas, ya yanke farce kafin ya zo.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Jirgi ya iso Maiduguri kamar yadda aka ce. Yaron ya ci jarrabawar Ingila, aka ɗauke shi akawu a tasha, Malam Kashim sama Malam Kashim ƙasa. Ya kama wa iyayensa gida nasu na kansu, ya je ya gaishe da Alhaji Umara kamar yadda aka yi alkawari. Hamisu bai bar rumfa ba sai da ido ya gaza, ya rasu da damina a 1968. Wajen zaman makoki ma'aikatan tasha sun zo da yawa, suna tambaya ko nan ne gidan tsohon da ya riƙe Malam Kashim.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar Litinin ɗin dai, da suka fito daga kwaleji, rana ta ɗaga, suka kama hanyar Gamboru a ƙasa. Gambo yana gaba da saurinsa na mai fushi, gafaka a hammata, uban yana biye yana goge tawada a gefen farar rigarsa. Da suka wuce tashar mota hanya ta yi sarari, babu kowa kusa sai wata mai tallan gyaɗa. Hamisu ya tsaya. Ya dubi bayan ɗansa, da faɗin kafaɗar da irin jefa ƙafar, duk na mutumin da aka binne a Kano ba ya nan. Ya share murya, ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara goma sha tara.

"Ya'akubu," in ji shi.

Yaron bai juyo ba. Ba ƙi ya yi ba, ya ji muryar sarai, ya ɗauka wani ake kira. Ya ci gaba da tafiya.

Hamisu ya ɗan jira. Sannan ya ce, "Gambo."

"Na'am, Baba?"

"Rage sauri. Ƙafata ba irin taka ba ce."